Yadda Ake Koyon Gane Tazarar Sauti da Kunne ta Hanyar Waƙoƙin da Aka Saba da Su

Duk wanda ya taɓa zama a gaban fiyano, mawaƙi na tsaye a kansa yana rera baiti, shi kuwa yana ta laluben maɓallai yana neman inda muryar ta sauka, ya san irin gumin da ke keto wa mutum a wannan hali. Makaɗin da hannunsa ke zuwa kai tsaye inda ake so, abin da kunnensa ke kamawa shi ne nisan da ke tsakanin sautin da aka bari da wanda aka koma, wato tazara. Hanyar da aka fi bi wajen koyon wannan ita ce a ɗaura kowace tazara a kan wata waƙa da mutum ya haddace tun yana yaro, ta yadda idan ya ji sauti biyu sai farkon waƙar ya faɗo masa a rai, daga nan ya san sunan tazarar. Hanyar tana aiki, da ita ni ma na fara, amma na ga mutane da dama sun bi ta sun maƙale a wuri ɗaya, wurin da ni kaina na yi kusan shekara ina tuntuɓe, saboda haka a kansa zan fi daɗewa.

Abin da ake aunawa

Bahaushe yana shigowa wannan fage da ɗan jarinsa, domin harshenmu mai karin sauti ne. Da hawa da saukar murya kaɗai muke raba kukan hawaye da kukar miya, da su muke raba wuyan jiki da wuyar wahala, kuma ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Abin da harshe bai tilasta mana ba shi ne auna yawan hawan ko saukar. Wanda ya sauke murya kaɗan a ƙarshen kalmar kuka da wanda ya sauke ta sosai, duk miya za a fahimta. A kiɗa kuwa wannan kaɗan ɗin da sosai ɗin su ne aikin gaba ɗaya.

Ma'aunin shi ne rabin taki, wato daga maɓalli ɗaya zuwa wanda ke manne da shi, fari ne ko baƙi. Rabin taki 1 shi ne ƙaramar biyu, 2 babbar biyu, 3 ƙaramar uku, 4 babbar uku, 5 huɗu, 7 biyar, 8 ƙaramar shida, 9 babbar shida, 10 ƙaramar bakwai, 11 babbar bakwai, 12 kuma takwas, inda sauti ke komawa kamar kansa amma a sama. Na tsallake 6 da gangan, ita ce mai raba takwas gida biyu daidai, kuma sai can gaba za mu taɓa ta. Sunayen sun fito ne daga ƙirga matakan do, re, mi, fa, so, la, ti, har da wanda aka tashi daga kansa, shi ya sa daga do zuwa so ake cewa biyar alhali rabin taki 7 ne.

Akwai wani ruɗani game da do ɗin nan da ya kamata a kawar tun yanzu. Asalin waɗannan gaɓoɓi yana komawa ga wani malamin kiɗa, Guido na garin Arezzo a Italiya, a ƙarni na 11, amma daga baya hanya ta rabu biyu. A Najeriya mawaƙan coci da malaman kiɗa na makarantu sun gaji tsarin Ingila, inda do ke nufin gidan waƙa, sautin da take hutawa a kansa, ko a wane maɓalli aka ɗauke ta. Wanda ya yi karatu a tsarin Faransa, kamar a Nijar, shi do a wurinsa maɓalli ɗaya ne tak, wanda Turawan Ingila ke kira C. A nan ma'ana ta farko nake nufi ko'ina.

Kayan aiki ba su da yawa. Manhajar fiyano ta kyauta a waya ta wadatar na watannin farko, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ci bashi ya sayi babbar Yamaha don wannan darasi ba. Abin da na hana ɗalibaina shi ne ƙaramin fiyanon wasan yara, domin wasunsu sautinsu kan karkace idan batir ya yi sanyi, da kuma farawa da goge ko kukuma, waɗanda ba su da wata alama da za ta gaya maka ka yi daidai ko ka kauce.

Mataki na farko: zaɓen waƙoƙi

Jadawalin waƙoƙin tazara da ake samu a intanet cike suke da kiɗe-kiɗen fina-finan Amurka da ba mu tashi da su ba. Na sha ganin mai koyo ya zauna yana haddace waƙar da bai taɓa ji ba don ta riƙa tuna masa da tazarar da bai sani ba, ya ɗora wa kansa kaya biyu a maimakon ɗaya. Ka'idata ita ce, waƙar da ba za ka iya rerawa ba idan an tashe ka daga barci, ba ta da wuri a jadawalinka. Waƙoƙi huɗu nake bayarwa, kuma sun ɗauke kusan dukkan nauyin.

Ta farko ita ce waƙar murnar zagayowar ranar haihuwa, Happy Birthday, wadda ita kaɗai rumbu ce. Layinta na farko so so la so do ti ne. Daga so zuwa la babbar biyu ce mai hawa, daga so zuwa do huɗu ce, daga do zuwa ti a ƙarshen layin kuma ƙaramar biyu ce mai sauka. Layi na biyu so so la so re do ne, a nan tsallen so zuwa re biyar ce. A layi na uku, inda muryoyin 'yan biki suka saba watsewa, tsallen daga so na ƙasa zuwa so na sama takwas ce cif, sannan a gangaro mi, do, ti, la.

Ta biyu tsohon taken Najeriya ne, Arise, O Compatriots, wanda aka rera a filin taron kowace makaranta daga 1978 har zuwa 2024 da aka koma wa na farko. Yana buɗewa da so do so do mi so. Gaɓa biyun farko huɗu ce mai hawa, ta biyu zuwa ta uku huɗu ce mai sauka, do zuwa mi babbar uku, mi zuwa so ƙaramar uku. Wanda ya tashi a Nijar ko Kamaru ko Chadi zai samu wannan huɗu ɗin a farkon taken Faransa, inda ake maimaita so sau uku kafin a haye do.

Ta uku ita ce waƙar da ake koya wa 'yan nazare haruffan A, B, C da ita, wadda karinta ɗaya ne da ta ɗan tauraro mai ƙyalli: do do so so la la so. Tsallen farko biyar ce mai hawa, kuma ban san wata da ta fi ta tsabta ba. Ta huɗu kuwa ƙarar wayar Nokia ce, wadda duk wanda ya riƙe waya a shekarun 2000 yake ɗauke da ita a kansa ko yana so ko ba ya so. An ciro ta ne daga wani kiɗan jita mai suna Gran Vals da Francisco Tárrega na ƙasar Sifen ya tsara a 1902, kuma amfaninta zai fito idan mun zo tazarori masu sauka.

Za a tambaya, ina namu waƙoƙin? Suna da amfani ƙwarai, amma da sharaɗi. A waƙar Hausa karin murya yana bin karin kalmomi, saboda haka baiti na biyu ba lallai ya hau inda na farko ya hau ba, kuma makaɗi ɗaya kan rera waƙa ɗaya ta fuska daban a wasa daban. Idan za ka ɗauka, ɗauki amshi, domin shi ne ba ya motsi, ko waƙar gaɗa ko ta reno da ka ji a bakin mahaifiyarka. Ka nemo sautukanta biyu na farko a fiyano, ka ƙirga rabin takin da ke tsakani, ka rubuta a littafinka. Wadda ka haƙo da hannunka ta fi zama a kai fiye da duk wadda na ba ka.

Mataki na biyu: rera kafin ka danna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai da darasin ya zama sauraro zalla. Manhajoji suna kaɗa sauti biyu, mutum ya zaɓi amsa, ya ga alamar kore, ya ji daɗi. Kunne ba ya riƙe abin da maƙogwaro bai taɓa fitarwa ba, kuma ba a buƙatar murya mai daɗi don wannan, tawa ma ba ta da shi.

Ga yadda zaman yake. Danna kowane maɓalli da muryarka ke iya kaiwa ba tare da wahala ba, ka rera shi har sai ka ji muryarka ta narke a cikinsa. Daga nan ka ɗauki waƙar tazarar da kake koyo daga wannan sautin, ka rera sauti na biyu ka tsaya cak, kada ka ƙarasa waƙar. Riƙe shi a baki, sannan ka ƙirga maɓallai ka danna wanda ya kamata, ka ji ko kun haɗu. Idan ba ku haɗu ba, kada ka yi sauri ka gyara, tsaya ka gane ko sama ka wuce ko ƙasa ka tsaya, domin kusan kowa yana da ɓangaren da ya saba kaucewa. Sai ka canza maɓallin farko, ka sake. Canzawar nan wajibi ce. Wanda kullum daga C yake tashi, maɓallan ya haddace, ranar da aka tashe shi daga wani wuri zai koma baƙo.

Da takwas da biyar da babbar biyu nake sa a fara, su uku kaɗai, har mako biyu, minti goma sha biyar a rana, da safe kafin hayaniyar gida ta tashi. Zaman awa uku ranar Lahadi ba ya maye gurbin wannan. Bayan kwana uku ko huɗu ka daina furta kalmomin waƙar, ka koma na na, domin kalmomin suna jan waƙar gaba ɗaya su taho da ita, kai kuwa sauti biyu kake so. Namiji mai kaurin murya zai lura cewa sau da yawa yana rera sautin ne da tazarar takwas a ƙasa da abin da fiyano ya bayar. Wannan ba laifi ba ne, in dai sautukan biyu duka a ƙasan ya rera su. Ka kuma riƙa naɗar muryarka a waya sau ɗaya a mako. Ba daɗin ji, amma abin da kake ji a cikin kanka lokacin rerawa da abin da ke fita ba ɗaya ba ne.

Mataki na uku: huɗu da biyar

Nan ne ramin. Bayan wata biyu da farawa ina cin kusan kowace tambaya a manhaja, har na fara ganin na iso. Wata rana a wani situdiyo a Kano mai kiɗan bai zo ba, aka ce in zauna in riƙe wa wani mawaƙi. Ya rera layin farko, na samo gidan waƙar ba wuya. A layi na biyu ya tashi daga gida ya yi wani tsalle sama. Na kira tsohon take a raina, bai zauna ba. Na kira waƙar haruffa, ita ma ba ta zauna sosai ba, amma na ce tun da ba huɗu ba ce to biyar ce, na danna so. Mawaƙin ya cire abin kunnensa ya ce, "Malam, ba nan ba ne." Muka sake, na sake danna so. A karo na uku mai situdiyon ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ɗan tashi mu sallami mutane, mai ne ke ƙonewa a janareta." Ya zauna, yatsansa ya sauka a kan fa. Huɗu ce, tazarar da na fi alfahari da sani.

Na daɗe kafin in gane abin da ya faru. Huɗun da ke cikin taken so zuwa do ce, wato daga waje ake shigowa gida, kuma kunne yana jin ta kamar an iso an ajiye kaya. Huɗun da mawaƙin ya yi do zuwa fa ce, daga gida aka fita aka tsaya a wurin da ba a zama, fa tana rataye tana neman gangarowa mi. Nisan ɗaya ne, rabin taki 5, amma ɗanɗanon ya sha bamban. Ashe abin da na haddace a wata biyun nan ɗanɗanon isowa gida ne, na ɗauka nisa na haddace. Manhaja ba ta taɓa tona asirina ba domin sauti biyu take bayarwa tsirara, babu gidan da aka riga aka kafa, kunne kuwa idan ya ji huɗu tsirara shi da kansa yake mai da na saman gida.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa waɗannan biyun ke shiga rigar juna. Sautin da Turawan Ingila ke kira A, wanda ake daidaita kayan kiɗa da shi, yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, takwas ɗinsa sau 880. Biyar a samansa tana kusa da 660, wato uku bisa biyu. Daga 660 ɗin zuwa 880 kuwa huɗu bisa uku ne, wato huɗu. Ma'ana, biyar da huɗu idan aka ɗora su sun cika takwas, kuma do zuwa so biyar ce amma so zuwa do na sama huɗu ce, da sautuka masu suna iri ɗaya. Duka biyun suna da wannan amo na fili, mara ɗaci mara zaƙi, shi ya sa kunnen da bai ƙware ba yake jin su 'yan gida ɗaya.

Maganin da ya yi mini aiki, kuma nake tilasta wa kowa, shi ne atisaye a kan gida mai tsayawa. Ka danne do da hannun hagu ka bar shi yana amo, da muryar ogan ko wata da ba ta mutuwa da wuri. Masu kiɗan Indiya haka suke koyo, wani kayan kiɗansu mai tsirkiya da ake kira tambura yana riƙe musu sa da pa, wato do da so, daga farkon zama har ƙarshe. Do yana amo, ka rera dukkan huɗun da ke cikin tsanin do re mi ɗaya bayan ɗaya: do fa, re so, mi la, so do, la re, ti mi. Kowace ka tsaya a kanta ka ji halinta, domin su shida ne kuma ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta a ɗanɗano. Kashegari ka yi biyar: do so, re la, mi ti, fa do, so re, la mi. A nan za ka ga amfanin waƙoƙi biyu da na ba ka don biyar, ta haruffa tana ba ka do so, ta ranar haihuwa tana ba ka so re, kuma idan ka rera su a jere za ka yi mamakin cewa nisa ɗaya ne. Kwana na uku ka gauraya, ka rubuta su a 'yan takardu ka zuba a hula kana jawowa. Ka canza gida kowace rana. Wata guda nake ba wannan mataki, kuma wanda ya ce ya gama a mako ɗaya ban yarda da shi ba sai na gwada shi.

Kafin kunne ya nuna, akwai dabarar bincike guda biyu. Ta farko, ka cika tsakanin da murya: idan ka iya sa sauti ɗaya a tsakiya ya ba ka do mi so na tsohon take, biyar ce, domin huɗu ba ta rabuwa haka. Ta biyu, idan tsirara aka ba ka sautukan, ka tambayi kanka wanne ne ya fi kama da wurin hutawa. In na ƙasa ne, biyar ce, in na sama ne, huɗu ce. Amma ka sani wannan ta biyun ita ce ta kunyata ni a situdiyo, a cikin waƙa ba ta da tabbas. Wanda ke kusa da fada kuma ya saurari kakaki da kyau ranar hawan salla: ba shi da ramukan yatsa, da leɓe kaɗai ake sauya sautinsa, kuma manyan sautukansa biyu tazarar da ke tsakaninsu ta kusan biyar ce.

Mataki na huɗu: masu sauka da 'yan uku

Kada ka ɗauka wanda ya san tazara tana hawa ya san ta tana sauka. Darasi ne sabo, kuma rera waƙa da baya ba ya aiki, sai an nemo wata waƙar. Abin mamaki, mu da waƙoƙinmu suka fi son farawa sama su gangaro, da yawanmu masu saukar sun fi zo mana da sauƙi idan aka ba su lokacinsu. Layi na uku na waƙar ranar haihuwa ya ba ka so zuwa mi, ƙaramar uku, da mi zuwa do, babbar uku, a jere. Shahararriyar buɗewar simfoni (dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa) ta biyar ta Beethoven na ƙasar Jamus, wadda aka fara kaɗawa a 1808, bugu uku ne a sauti ɗaya sannan a faɗa babbar uku, a maimaitawa ta biyu kuma ƙaramar uku ake faɗawa. Ƙarar Nokia so fa la ti ce, sai mi re fa so, sai re do mi so do. Sautuka biyun farko babbar biyu ce mai sauka, faɗuwar fa zuwa la ƙaramar shida ce, ta re zuwa fa babbar shida, ta do zuwa mi kuma ƙaramar shida.

Game da 'yan uku, za a gaya maka babba farin ciki ce, ƙarama baƙin ciki. Kada ka dogara da wannan. Mi zuwa so na tsohon take ƙaramar uku ce, kuma babu ɗigon baƙin ciki a cikinta. Atisayen gida mai tsayawa shi ne dai maganin, kamar yadda aka yi wa huɗu.

Ƙaramar biyu tana buƙatar kulawa ta musamman a wurinmu. Da yawa daga waƙoƙinmu na gargajiya, haka ma na Sudan, a kan sautuka biyar aka gina su, irin waɗanda za ka samu idan ka bi baƙaƙen maɓallai kaɗai, kuma a wannan tsani babu rabin taki ko ɗaya. Saboda haka mai koyo kan buɗa ta ta koma kusan babbar biyu ba tare da ya sani ba. Ka riƙa rera mi fa da ti do a hankali, kana matse su fiye da yadda ranka ke so, kana dubawa da fiyano.

Mataki na biyar: manyan tazarori

Waɗannan ba na ɓata lokaci wajen nema musu waƙa, daga maƙwabtansu nake auna su. Babbar bakwai takwas ce da ta gaza da rabin taki, ka rera takwas ka zamo ƙasa kaɗan. Ƙaramar bakwai ta gaza da cikakken taki, kuma ita ce so zuwa fa na sama. Babbar shida biyar ce da ƙarin taki, wato do zuwa la, ƙaramar shida kuma biyar ce da ƙarin rabi, kuma tana nan a waƙar ranar haihuwa, tsakanin la na ƙarshen layi na uku da fa na farkon layi na huɗu. Mai rabin taki 6 ita ce fa zuwa ti, ba ta zama lafiya, kullum tana neman matsawa, kuma da wannan rashin natsuwar ake gane ta. A kiɗan da yawancinmu za su yi ba sa fitowa sosai, mako biyu ya ishe su.

Mataki na shida: ajiye waƙoƙin

Mawaƙi ba zai tsaya ya jira ka ka rera take a zuci ba, kafin ka gama ya yi sauti biyar gaba. Da zarar ka ga amsa tana riga waƙar zuwa, ka daina kiran waƙar, sai inda ka rikice. Ka sa wani ya riƙa danna maka sauti biyu lokaci ɗaya kana raba su da murya, na ƙasa tukuna sannan na sama. Daga nan ka koma ga aikin gaske: ɗauki amshin wata waƙa daga rediyo ko waya, ka nemo gidanta, ka rubuta do re mi ɗinta a takarda ba tare da taɓa fiyano ba, sai ka gama sannan ka duba. Amshi ɗaya a rana ya isa. Ka fara da waƙoƙin fina-finan Hausa, tun da a kan fiyano aka yi su, duk sautin da ka ji yana da maɓallinsa. Ka jinkirta kiɗan Larabawa irin na Masar, domin wasu maƙamansu, wato tsanukan sautinsu, kamar bayati da rast, suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli, haka ma algaita da goge ba kullum suke sauka daidai inda fiyano ya yanka ba. Idan ka ji irin wannan ka kasa samunsa, ka rubuta maɓallan biyu da ya faɗa tsakaninsu, ka sa alama a gefe, ka wuce layi na gaba.